Jimlar da Ba Ta da Mai Ita

Shekara ashirin da bakwai ina kan wannan teburi,
ofishin gidaje na Huddersfield, hawa na biyu,
taga na kallon tashar bas da ruwan da ba ya gajiya.
Turanci biyu gare ni, kamar takalma:
ɗaya na shiga ofis, ɗaya na zuwa sayen kifi.

Na kasuwa gajere ne, ba ya son wahala.
Yakan haɗiye rabin kalma, ya manna saura a jikin maƙwabciya,
ya yar da "ni" tun farkon zance, ai kowa na ganin mai magana,
ya liƙa 'yar tambaya a wutsiya, ko ba haka ba,
ba don amsa ba, don dai a gyaɗa kai.
A cikinsa mahaifiyata ta rayu, a cikinsa ta yi sallama.

Na ofis kuwa sai ka ba shi hanya.
Yakan kama aikatau da ransa, ya shanya shi ya zama suna:
ba mu duba ba, an gudanar da dubawa;
ba mu hana ba, rashin amincewa ne ya auku.
Wanda aka yi wa abu, shi ake zaunarwa a gaba,
mai yin abin ya sulale ta ƙofar baya.
An yanke shawara. An lura. An yi nadama.
Wa ya yanke?
Ga wuƙa a ƙasa, babu hannu.

Ranar Laraba Wilf Sugden ya hawo matakala,
taki biyar ya huta, taki biyar ya huta,
hular ulu sharkaf, takarda ninki huɗu a aljihu.
Tsohon masaƙi ne, ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya.
Ya shimfiɗa takardar a kanta, ya danne da yatsa:
"'Yata, sau shida na karanta.
Wai an dakatar da tallafin hayata.
Shi wannan An ɗin nake nema. A nan yake aiki?"

'Yan layi suka yi dariya. Ni ban yi ba.
Na san jimlar kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta.
Ni na haife ta, ranar Juma'a, huɗu da rabi,
ina sauri kada bas ta bar ni,
na buga bakwai inda ɗaya ya kamata,
sannan na lulluɓe ta da nahawu mai tsabta,
ko waƙafi bai kauce ba.

Na buɗe baki, na ofis ya riga fitowa:
da alama an samu wani ɗan...
Na tsaya. Na haɗiye shi, ɗaci kamar maɗaci.
Na laluɓo na mahaifiyata can ƙasan maƙogwaro.
"Ni ce. Na yi kuskure. Zan gyara yau."

Jimla uku, kowace da mai ita tsaye a bakin ƙofa.

Ya juyo da kunnen da ke ji. "Sake faɗa."
Na sake, da ƙarfi,
har Mista Pickersgill ya leƙo ta saman tabarau.
Wilf ya ninke takardarsa yadda ya zo da ita,
ya gyara hula. "To, ai shi ke nan, ko ba haka ba."
Ya sauka, ban ji ya huta ba sai a ƙasa.

Da yamma wasiƙar gyara ta dawo daga teburin shugaba.
Jan biro ya bi ta kan "ni" ya wuce,
a gefe an rubuta: an gano kuskure, an ɗauki mataki.
Na buga yadda aka ce.
A ƙasa akwai ɗan fili, faɗin yatsa biyu,
inda nahawu bai da iko.
Nan na rubuta Glenys Tordoff,
na danna biro har ya huda takardar.

Bas ta bar ni ranar.
Na taka da ƙafa cikin ruwan.